Masu haɗa samfur ku taimaka: igwar Karl a ma'aunin 1/35, taya takwas ne ko sha ɗaya?

Ɗan Kwalli:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na kwana biyu ban leƙo ba, aiki ne ya sha min kai, amma yau na zo da matsala. Wata na uku kenan ina fama da samfurin igwar nan ta Jamusawa ta yaƙin duniya na biyu, wadda take tafiya da kanta a kan sarƙa, Karl-Gerät, a ma'aunin 1/35, kuma daga tushe nake yinta da hannuna. Da na so in yi odar kit ɗin kamfanin Trumpeter, wato sassan roba da aka riga aka zuba sai dai ka haɗa, amma da na haɗa kuɗinsa da na jirgi da abin da za a karɓa kafin kayan su zo hannuna sai na ga gara in haƙura. Tun muna yara muke motar kara da ta langa-langa, to hannun bai manta ba.

Lissafina ga shi: tsawon ta gaske mita 11.15 ne, in ka raba da 35 ya ba ka santimita 31.9, faɗi mita 3.16 ya koma santimita 9, tsayi in ta ɗaga kai za ta yi harbi mita 4.38 ya koma 12.5. Na gama akwatin jikin da katunan roba irin wanda ake ɓalle SIM daga jiki, na manne su bibbiyu. Yanzu inda na tsaya shi ne tayoyi. Wani hoton in ƙirga in ga takwas a gefe ɗaya, wani in ga sha ɗaya, har na fara zargin idona. Wanne ne daidai don Allah?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Idonka lafiya lau, duka biyun daidai ne. Ka fara sanin cewa abin nan ba a yi shi da yawa ba, kamfanin Rheinmetall guda bakwai kacal ya ƙera, shida na yaƙi tsakanin 1940 da 1941 sai ɗaya na gwaji. Shidan na yaƙi kowacce da sunanta: Adam, Eva, Thor, Odin, Loki, Ziu. Biyun farko, Adam da Eva, su ne masu taya takwas a kowane gefe kuma tayoyinsu da roba a baki. Daga ta uku zuwa ta shida aka sauya zubin ƙafa, aka koma taya sha ɗaya na zallan ƙarfe. Shi ya sa ma Trumpeter ɗin da ka ambata suka fitar da ita kala biyu, ta farko da ta baya.

Don haka tambayar ba "taya nawa Karl take da su" ba ce. Wacce daga cikinsu kake yi, kuma a wace shekara? Sai ka amsa wannan kafin ka yanka ko wili ɗaya, in ba haka ba za ka haɗa kan wata da ƙafar wata.

Ɗan Kwalli:
Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya ban yi wannan tunanin ba, ni dai Karl kawai na sa a gaba. Thor ce ta fi yawa a hotunan da na tara.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri ni baƙo ne a harkar, wannan ba ita ce wadda ake ɗorawa a kan layin dogo ba, mai dogon baki kamar falwaya? Na taɓa ganin bidiyonta

Ɗan Zongo Kumasi:
A'a ƙanena waccan Gustav ce, ta kamfanin Krupp, bakinta santimita 80 kuma ba ta rabuwa da dogo. Karl daban take, gajeren baki ne da ita mai kauri, faɗin raminsa santimita 60, Jamusawa ma Mörser suke ce wa irinta, wato turmi, kuma in ka kalle ta da kyau turmin ne aka kishingiɗar a kan sarƙa. Ba miƙe take harbi ba, sama take cilla harsashi ya je ya faɗo ta ka, don a fasa rufin kankare aka yi ta. Babban harsashin kilo 2,170 ne, wato ya fi buhun siminti arba'in nauyi, kuma bai wuce mita 4,320 ba yake faɗuwa. Ita kanta tan 124 ce, mutum 21 ke aiki a kanta, duk gudunta bai wuce kilomita 10 a awa ba, kuma harbi ɗaya sai an yi wajen minti goma kafin a sake wani. Sunan Karl ɗin daga Janar Karl Becker aka samo shi, shi ne ya tsaya kan aikin. Tun 1936 aka fara maganarta saboda ganuwar Maginot ta Faransa amma kafin a gama ta an riga an ci Faransa ta wata hanyar, sai aka juya da ita gabas.

Sabon Shiga:
Tan 124 kuma kilomita huɗu kawai take jifa? Kai. Nagode yaya

Mai Wayarin:
Ɗan Kwalli bakin igwar da me za ka yi? Don na yi wani lissafi yanzu a shago abin ya burge ni. 600 raba 35 ya ba da milimita 17.1. Fayif ɗin wayarin na roba mai lamba 20 da muke binnewa a bango, 20 ɗin faɗin waje ne, ramin cikinsa yana zagaye da 17 ya danganta da kaurin da kamfani ya yi. Ka je wurin masu kayan wuta da kalifa, abin auna kauri, a aljihu ka auna kala biyu uku, za ka samu wanda ya hau daidai ko ya rage kaɗan ka bi shi da samfefa. Guntu ma ya ishe ka ba sai ka sayi tsawo guda ba, ko ni zan iya ajiye maka.

Ɗan Kwalli:
Kai Allah ya biya ka! Ni da nake ta naɗe takarda a jikin alƙalamin maka tana lanƙwashewa. Amma kaurin bangon fa? Na gaske yana da kauri sosai, fayif ɗin nan kuwa siriri ne

Mai Wayarin:
Sai ka zura mai 20 cikin mai 25, ratar da ta rage ka cike da foti irin na masu gyaran jikin mota, in bai kai kaurin da zanenka ya nuna ba ka ƙara naɗa wani a kai. In ya bushe ka soke shi a jikin dirin, injin huda, kana juyawa a hankali kana riƙe da samfefa, zai fito sumul. A hankali fa na ce, in ya yi zafi robar narkewa take. Kuma ka sani gam ɗin kit irin na kamfanin Tamiya ba ya kama wannan robar, sai supa gulu ko gam ɗin masu famfo.

Baba Injiniya:
Shawara mai kyau. Ƙari ɗaya: cikin bakin ba sumul yake ba, akwai zane-zanen da ke murɗa harsashi, kuma a rami mai faɗin milimita 17 duk wanda ya leƙa zai ga babu su. Ka samu siririyar takardar roba ka ja layuka a jere da bayan reza, ka ɗan karkata su, ka naɗe ka zura ciki, santimita biyu na bakin ma sun isa tunda can ciki duhu ne. In za ka yi haka to ka zaɓi fayif mai rami ya ɗan fi 17.1 don takardar ta ci nata wurin.

Sannan kar ka rikita da ɗayan bakin. Daga baya sun ƙera wani mai faɗin santimita 54, ya fi tsawo, shi ake kira Gerät 041, mai 60 ɗin kuma 040. Mai 54 yana jefa harsashi kilo 1,250 ya wuce kilomita 10. A ma'auninka raminsa milimita 15.4 ne. Wasu daga cikin igwogin an yi ta sauya musu baki, shi ya sa nake nanata maka shekara.

Ɗan Kwalli:
Ga hoton inda na kai, na ɗora kan igwar na wucin gadi don ku ga tsari

Ɗan Zongo Kumasi:
Aikin ya yi tsaf wallahi, kusurwoyin sun miƙe. Amma ɗan uwa akwai gyara babba, ka juya ta. Ka sa wurin direba da injin a gefen da bakin igwar yake kallo. Ba haka take ba. Direba da injin suna ƙarshe ɗaya, bakin yana kallon ɗaya ƙarshen, wato da baya take shiga wurin harbi, don in an gama ko an fara mayar musu da wuta direba ya ja ta gaba kawai ba sai an tsaya juya tan 124 ba. Duba hotunanka da kyau za ka gani.

Ɗan Kwalli:
Innalillahi. Na duba, gaskiyarka ne. Kuma na riga na zuba supa gulu a gindin da kan yake zama.

Ɗan Kwalli:
To jiya da daddare na zauna da fitilar waya a baki da sabuwar reza, ina bin layin gam ɗin kaɗan kaɗan kamar mai feɗe kifi, wajen awa biyu. Gefe ɗaya ya fita lafiya, ɗayan katin ya tsage ya tafi da wani yanki na saman jikin kamar faɗin farce. Na yanko wani na cike, na shafa foti, da safe na goge. In ka shafa da yatsa ba ka jin gaɓar. Ɗan Zongo Allah ya saka da alheri, da sai bayan fenti zan gane, lokacin kuwa sai dai a sake sabo.

Mai Walda:
Ni fa a ganina kuna wahalar da yaron nan. Wa zai zo gidansa ya ƙirga taya? Wa ya san inda direban Karl yake zama a duk unguwarsu? Ya yi abinsa ya yi kyau ya ajiye a falo shikenan. Ni na yi tankoki sun fi goma da langa-langa ban taɓa riƙe rula ba kuma duk wanda ya gani sai ya tsaya

Baba Injiniya:
Malam Mai Walda na ga ayyukanka kuma ina girmama su, hannunka yana da albarka. Amma sana'a biyu ce. Kai kana ƙera abin da ido zai so, shi kuma ya ce "samfur a ma'aunin 1/35", da ya faɗi lambar nan ya ɗau alkawari cewa duk abin da ka auna a jikin nasa ka ninka sau 35 za ka samu na gaske. Tela in ka ce ya ɗinka maka riga yadda ya ga dama daban, in ka ba shi awo kuma daban.

Mai Walda:
Na ji Baba, amma awon ma ai yana da iyaka. Sulken jikinta milimita 10 ne aka ce, raba da 35 bai kai 0.3 ba, shi kuwa katin da yake aiki da shi 0.76 ne kuma ya ninka biyu. To ina daidai ɗin?

Baba Injiniya:
Ka kawo magana mai ma'ana. Inda kaurin ba ya ganuwa, kamar bangon akwati da aka rufe, ba laifi ya yi kauri don ƙarfi. Inda gefen ƙarfe yake a fili, kamar murfin sarƙa da dandamalin da sojoji ke tsayawa a gefe da gefe, nan dole ya sirance. Gwangwanin lemo kaurinsa wajen 0.1 ne, sau 35 ya ba da milimita uku da rabi, ya yi daidai da falankin ƙarfe. Nan kuma fagenka ne, kai za ka koya masa yadda ake miƙar da gwangwani ba tare da ya yi tamoji ba.

Mai Walda:
Wannan mai sauƙi ne. Ka yanke kai da gindi da almakashi, ka tsaga tsakiya, ka kife shi a kan gilashi ka dinga murza shi da bayan cokali ta gefen da ya lanƙwasa har ya kwanta. Kar ka sa guduma. Ka goge fentin jikinsa da samfefa mai laushi in ba haka ba gam ba zai kama ba. Lanƙwasa kuma tsakanin rula biyu na ƙarfe ake yi, sau ɗaya, in ka mayar ka sake karyewa zai yi

Mai Wayarin:
Ƙarafan dafawa na gefen dandamali kuma kar ka yi da wayar wuta ta 1.5, ta yi kauri, in ka ninka za ta koma kamar fayif ɗin ruwa. Ka fasa tsohuwar wayar intanet ta kwamfuta, silin jan ƙarfen ciki rabin milimita ne, ko ka nemi wanda ya ɗan fi shi kaɗan. Ka ja shi tsakanin filaya biyu zai miƙe tas.

Ɗan Kwalli:
Duk na rubuta. To tayoyi: in na tafi kan Thor sha ɗaya kenan kowane gefe, 22, banda mai haƙoran da ke jan sarƙa da na ƙarshe da ƙananan sama. Na gwada yanka guda uku da hannu babu wanda ya yi kama da ɗan uwansa.

'Yar Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni 'yan kunne da maɓallai nake zubawa amma dabarar ɗaya ce. Kar ka yi 22, ka yi ɗaya tak mai kyau, ka ba shi sati guda in ya kama, da notinansa da komai. Sai ka kwaɓa silikon irin na masu gilashi da garin sitaci har ya daina kama hannu, ka danna wilin a ciki ka bar shi ya ƙame, ka samu mazubi kenan. Ka dinga zuba araldait mai jinkirin bushewa, ba mai minti biyar ba, ka bi da tsinken sakace ka fasa kumfa. Ka zuba talatin don wasu za su fito da rami. Haka ma 'ya'yan sarƙar, ka yi guda biyar a jere a mazubi ɗaya. Kuma ka rufe da kwano yayin bushewa, ƙurar hunturun nan in ta hau ta zauna kenan.

Ɗan Kwalli:
Anti Allah ya ƙara basira, wannan ya warware min babban ƙulli

Baba Injiniya:
Kafin ka manne tayoyin akwai wata shawarar da za ka yanke, tafiya take ko harbi? Domin in za ta yi harbi sauke cikinta ake yi har ya zauna a ƙasa, tayoyin su shige sama, saboda ƙafafun ba za su iya ɗaukar dukan da take yi in ta tashi ba, kuma sai an baje wurin ya daidaita tukuna. In ka yi ta tsaye a kan tayoyi da rata a ƙarƙashi alhali baki yana sama, ka haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. Bakin kuma daga digiri 55 zuwa 70 yake harbi, gefe da gefe digiri huɗu huɗu ne kawai, in ana son fiye da haka sai an tada inji an juya ta gaba ɗaya. Ɗura harsashi kuma sai an kwantar da bakin. Na sha ganin samfur baki a sama ga sojoji suna tura harsashi, hakan ba ya yiwuwa.

In kana da ƙarfi ka yi mata 'yar rakiyarta, motar harsashi da aka gina a kan gangar jikin tankar Panzer IV, da kiren a kanta, harsashi huɗu take ɗauka. Ita ce ke nuna wa mai kallo girman abin. Ko ka tsayar da mutum ɗaya, a 1/35 santimita biyar ne.

Ɗan Zongo Kumasi:
Fenti ma shekara ce ke yanke shi. In Thor ce a yaƙin Tarayyar Sobiyet, a Brest cikin Yunin 1941 ko a Sebastofol cikin Yunin 1942 lokacin da suke dukan sansanin manyan bindigogi na bakin teku da Jamusawa ke kira Maxim Gorki, to toka mai duhu ne, lambar launin RAL 7021, a fentin Tamiya XF-63. Daga Fabrairun 1943 sojan Jamus suka koma ruwan ƙasa mai rawaya, RAL 7028, XF-60. In ba ka samu Tamiya ba kai lambar wurin masu haɗa fentin mota. Sai dai ka ɗan haskaka tokar, a ƙaramin abu duhu yana ƙara duhu, duk ribit ɗin da ka sha wahala a kai sai ya ɓace.

Wani tarko kuma: guda ɗaya ce ta rage a duniya, tana gidan tarihin tankoki na Kubinka kusa da Mosko. Shekara da shekaru an rubuta mata Adam a jiki, alhali ita Ziu ce, ta shida. Ƙirga tayoyinta a hoto, sha ɗaya ne. Mutane da yawa sun kwafi sunan daga can. Amma don ganin ƙananan abubuwa kamar ƙugiyoyi da layin walda babu kamar hotunanta, tunda ita kaɗai ake iya zagayawa da kyamara.

Ɗan Kwalli:
To ashe gara in koma Ziu tunda ita ce ake da hotunanta ta ko'ina, kuma na ga hotunan Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihin Jamus, nata tana harbi a 1944

Malama Mai Tarihi:
Na yi shiru ina karantawa tun farko, kuma ina sha'awar haƙurinku da awo. Amma tunda an zo kan Ziu a 1944 bari in yi magana, Ɗan Kwalli ka san me take harbi a waɗannan hotunan? Ba ganuwa ba ce ba kuma sansanin soja ba. Birnin Warso ne na Folan, da mutane a ciki. Mutanen garin sun tashi ranar 1 ga Agusta 1944 don su kori mamayar Nazi, suka yi kwana 63 suna faɗa. Tsakiyar watan aka sauke Ziu daga jirgin ƙasa aka girke ta a wani lambun shaƙatawa a unguwar Wola, unguwar da kwanaki kaɗan kafin nan aka yi wa dubun dubatar mazaunanta kisan gilla. Daga nan take jefa harsashin da aka ƙera don kankaren yaƙi a kan gidajen kwana. Akwai hoton da Sylwester Braun ya ɗauka ranar 28 ga Agusta lokacin da harsashi ya sauka a kan benen Prudential, mafi tsawo a garin a lokacin. Farar hula da suka mutu a wannan tashin sun kai dubu 150 ko fiye. Wasu harsasan ma ba su fashe ba don ginin gida bai kai taurin da zai tada su ba, a 2012 masu haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa sun tono ɗaya a tsakiyar gari sai da aka kwashe mutane.

Ni abin da ke damuna, mun yi kwanaki muna maganar taya da fenti babu wanda ya ambaci inda harsashin yake sauka. Yaro zai shigo falonka ya ga abu mai kyau da suna a jiki, me zai ɗauka?

Mai Walda:
Malama ai ƙarfe ne kawai ake kwaikwaya, ba aƙidarsu ba. In haka ne kar a yi samfurin kowane makami kenan

Malama Mai Tarihi:
Ban ce kar a yi ba Malam. Ku ne kuka ce daidai kuke nema har kuna lissafin rabin milimita. To ni a wurina samfurin Ziu na Agustan 1944 da babu Warso a cikinsa bai cika daidai ba, an bar babban ɓangare.

Baba Injiniya:
Ina bayan Malama a nan, kuma na karɓi laifi, ni na fi kowa surutun awo. Tambayar da na yi masa tun farko, wacce kuma yaushe, tana da ta uku: a ina, a kan wa. Mu da muka ga abin da tashin bam yake yi wa kasuwa da tasha a ƙasar nan bai kamata sai an tuna mana ba.

Ɗan Zongo Kumasi:
Gaskiya ne. Kuma ko Thor ya koma bai tsira ba, Brest da Sebastofol ma ƙasar mutane aka shiga. Ni dai abin da ba na so shi ne a yi mata ado kamar amarya, a liƙa tutar Nazi don kwalliya. A yi ta yadda take, da ƙura da maiƙo, a rubuta abin da ta yi.

Ɗan Kwalli:
Malama na gode, kuma maganar ta zauna min. Jiya na nemo hoton Braun ɗin na daɗe ina kallo, hayaƙi ya turnuƙe saman benen ga sauran gidaje a ƙasa, kuma na san a cikin kowanne akwai masu kwana. Na fara tunanin in gina benen a kan katako ɗaya da igwar sai lissafi ya hana: mita 4,320 raba 35 ya ba da mita 123, wato in igwar tana kan teburina inda harsashin zai faɗi ya wuce tsawon filin ƙwallo. Masu harbin ba sa ma ganin waɗanda suke kashewa. Benen kansa mita 66 ne, a ma'aunina ya kusa mita biyu, ya fi ni tsawo.

Ga abin da na yanke. Ziu zan yi, baki mai 60, taya sha ɗaya, ciki a ƙasa, baki a sama, Wola, Agusta 1944. Bayanta zan tsayar da allo in liƙa hoton benen, a gaba kuma ƙaramin rubutu da Hausa: sunan garin, kwanan wata, da adadin mutanen da suka mutu. Babu tuta. Malama in na rubuta zan turo miki ki duba min kafin in buga.

Malama Mai Tarihi:
Turo, zan duba da yardar Allah. Ka sa har da cewa benen bai faɗi ba, ƙashin ƙarfensa ya tsaya, an gyara shi bayan yaƙi kuma yana nan har yau otal ne.

Mai Walda:
To na sauko. In za ka yi allon bayan kar ka yi da kwali zai lanƙwashe da damina, kawo awo in yanka maka falanki siriri in lanƙwasa masa ƙafa

'Yar Damagaram:
Ƙasan wurin kuma tunda lambu ne da aka baje, ka tankaɗe ƙasa ta gaske da rariyar lailaye ka kwaɓa da farin gam na kafintoci, ka danna sarƙar a kai tun da danshi don sawun ya fito. Mazubin ya yi kuwa?

Ɗan Kwalli:
Ya yi Anti, na farko ya yage don na yi gaggawar cirewa, na biyu na bar shi kwana ɗaya ya fito lafiya. Zuwa yanzu na zuba wili 14, tara masu kyau, biyar da kumfa a wajen notina. Mai Wayarin na karɓi fayif ɗin wurin yaronka, na auna ramin 17.3 ne, da takardar zanen ciki zai dawo daidai. Baba tambaya ta gaba, tunda cikinta zai zauna a ƙasa, sarƙar ta sama za ta saki ta yi ciki ne tsakanin ƙananan tayoyin ko a miƙe zan bar ta?

Baba Injiniya:
Kar ka yi ta da ka. Ɗauko hoton Wola wanda aka ɗauka daga gefe, ka buga shi a takarda yadda tsawon jikin zai zama santimita 31.9 cif, ka ɗora samfurin a kai ka bi layin sarƙar da fensir. Ka turo mana hoton kafin ka sa gam.